Agogon da ke ƙirga sawu, da yaran Magarya da Dungas da ba a duba tafiyarsu

Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Turai da Amurka sun fara ɗaura wa marasa lafiyarsu wata ƴar na'ura mai kama da agogo. Wata a wuyan hannu ake ɗaura ta, wata a ƙugu, wata a idon sawu. Aikinta lura da motsin mai ita dare da rana: taku nawa ya yi, da wane sauri, yaushe hannunsa ya kama karkarwa, yaushe ya lafa, sau nawa ƙafarsa ta ƙage ya kasa ɗaga ta. Bayan ƴan kwanaki sai ta miƙa wa likita bayanin gaba ɗaya, shi kuma ya duba ya gyara magani.

Duk inda aka ta da wannan zance a wajenmu, mutane gida biyu suke rabuwa. Wasu dariya suke yi, su ce mu da sai an kai waya kasuwa an biya dala ashirin kafin a yi mata caji, ina mu ina agogon ƙirga sawu? Wasu kuma sun ɗauka duk abin da ya fito daga Turai yana ƙyalli, to ya gama magance matsala. Ina ganin dukkansu ba su tsaya sun dubi abin da ke cikin na'urar ba.

In aka ajiye ƙyallin gefe, abu huɗu take yi: ta lura, ta auna, ta rubuta da kwanan wata, ta kai wa mai magani. Waɗannan huɗun su ne ainihin abin da yaranmu masu matsalar tafiya suka rasa a gundumomin Magarya da Dungas, kuma uku daga ciki ba sa bukatar mu jira kowa. Malami da uwa za su iya fara su tun wannan shekarar karatu. Idan ba mu fara ba, ranar da na'urar ta iso za ta tarar babu inda za ta kai rahotonta.

Abin da na'urar take gani

Cikin agogon akwai wasu ƙananan ma'aunan motsi, irin waɗanda ke cikin wayar hannu da ke sa hoto ya juya in ka karkata ta. Suna auna girgiza da juyawa sau da yawa cikin sakan ɗaya. An fi amfani da su ga masu cutar Parkinson, wadda ke kama manya, ta kawo karkarwar hannu, sanɗarewar jiki da jan ƙafa. Karkarwar wannan cuta tana da nata salo, kamar sau 4 zuwa 6 cikin sakan, saboda haka na'ura na iya gane ta.

Dalilin da ya sa likitoci suka so ta mai sauƙi ne. Babban maganin Parkinson, wato levodopa, yana aiki na wasu awanni sannan ya saki. Mutum zai wayi gari garau, kafin azahar jiki ya ƙage. Likita kuwa minti 15 ko 20 yake ganinsa, sau ɗaya cikin watanni. In ya tambaye shi yaya jiki, sai ya ce da sauƙi, ko ya faɗi abin da ya tuna na jiya da shekaranjiya. Na'urar ita ce ke cike wannan giɓi. Wadda ake kira PKG, da aka ƙera a Ostareliya, ana ɗaura ta kusan mako ɗaya, har tana girgiza ta tuna wa mai ita lokacin shan magani.

Maganar ta wuce gwaji. A watan Janairun 2023 hukumar NICE, mai tantance magunguna da kayan asibiti a Ingila, ta amince a yi amfani da na'urori 5 irin wannan ga masu Parkinson, da sharaɗin a ci gaba da tattara hujjar cewa suna da amfani kuma kuɗinsu bai wuce kima ba. A wannan shekarar ce masu bincike na Jami'ar Cardiff suka duba bayanan motsin mutane fiye da 100,000 da suka ɗaura ma'auni na mako ɗaya, suka nuna cewa raguwar saurin motsi na iya bayyana har shekara 7 kafin likita ya tabbatar da cutar. Su ma yara ba a bar su ba. Ga masu cutar Duchenne, wadda ke cinye ƙarfin tsokar yara maza a hankali, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta karɓi saurin takun da na'urar idon sawu ta auna a matsayin hujjar ko sabon magani yana aiki.

Saboda haka mai cewa abin wasa ne bai yi adalci ba. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To wannan na'ura mudu ce. Abin tambaya shi ne, mu a nan me za mu auna da ita, kuma wa za mu kai wa awon?

Su wa ke ɗingishi a wajenmu?

Parkinson tana nan cikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Wani nazari da likitocin Babban Asibitin Yamai suka wallafa a 2018 ya ƙirga mutum 25 masu ita cikin 1,695 da suka zo sashen jijiyoyi. Waɗannan su ne suka samu kuɗin mota suka isa Yamai. Tsohon da ke Guci ko Yekuwa, wanda shayi ke zubewa a hannunsa, cewa ake yi tsufa ne, ko sanyi, ko an yi masa sammu.

Amma mu malamai da iyaye, waɗanda muka fi cin karo da su yara ne. Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san hanyoyin da ke kawo su.

Ta farko zazzaɓin cizon sauro. Ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF, tana aiki a Magarya tun 2005. A watan Satumbar 2018 ta sanar cewa yara 730 ne kwance a sashen yara na asibitin Magarya, 208 daga cikinsu a mawuyacin hali, kuma ana rasa kimanin yara 10 kullum. Dubban yara sun fita daga wannan sashe da rai cikin shekarun nan, kuma wannan aiki ne da ya cancanci godiya. Sai dai zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa, wanda ke kawo jijjiga da dogon suma, ba kullum yake tafiya ba tare da ya bar tabo ba. Wani yaron ya tashi da raunin ɓari ɗaya, wani da tangaɗi, wani da farfaɗiya. Binciken da aka yi a Yuganda ya samu kusan ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan yara da raunin fahimta bayan shekara 2 da warkewa.

Ta biyu sanƙarau. Daga 1 ga Nuwambar 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas kaɗai ta ɗauki 342, Magarya 38, kuma mafi yawansu ba su kai shekara 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk mutum 5 da suka tsira daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya yakan rayu da wata larura: kurumta, farfaɗiya, raunin hannu ko ƙafa. Ko da an rage wannan lissafi, yara ne masu yawa, kuma a garuruwanmu suke.

Ta uku shan inna. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar a ranar 25 ga Agustan 2020, amma a 2018 an samu yara a jihar Damagaram, har da gundumar Magarya, da wani nau'in ƙwayar ya shanye wa ƙafa, nau'in da ke da alaƙa da wanda ya ɓulla a Jigawa. Irin wannan yana yaɗuwa ne inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kuma ƙwayar cuta ba ta tsayawa a kan iyaka ta nuna takarda.

Akwai kuma waɗanda ba a cika magana a kansu ba. Yaro mai sikila na iya samun shanyewar ɓarin jiki tun yana firamare. Jaririn da shawara ta yi wa tsanani a makon farko na iya girma da murɗewar gaɓoɓi. Sai wata larura da ya kamata kowane malami ya sani, domin a cikin aji take fara nuna kanta. Yaro ko yarinya tsakanin shekara 5 zuwa 15, an fi samu ga mata, makonni ko watanni bayan ciwon maƙogwaro, sai a ga ta kasa zama wuri ɗaya, kafaɗa na zabura, fuska na yamutsewa, alli na faɗuwa daga hannunta, rubutunta ya lalace, ta riƙa kuka ba dalili. Likitoci na kiranta da sunan Sydenham. Garkuwar jiki ce ta juya wa ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa ta taɓa zuciya ma. Yarinyar da aka gane da wuri za a ɗora ta kan allurar fenisilin don kare zuciyarta. Wadda ba a gane ba, bulala take sha a makaranta saboda rashin natsuwa, a gida kuma a ce aljanu ne.

Haka nan wasu magungunan amai da na kwantar da hankali, irin waɗanda masu tallar magani ke sayarwa a faranti, suna iya sa wuyan yaro ya murɗe, harshe ya fito, idanu su kafe sama. Abin tsoro ne a gani, amma allura ɗaya a asibiti takan warware shi, muddin an faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da yaron ya sha da ranar da ya sha.

Ku lura da wani giɓi. Tun 2006 Nijar ta sa kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma yawancin taimakon gaggawa kan wannan rukuni yake. Yaro kuwa yana shiga CI da shekara 6 ko 7. Daidai lokacin da ya fita daga idon asibiti, ya shigo idon makaranta. Ko mun so ko mun ƙi, daga nan mu ne masu ganin tafiyarsa kullum.

Inda na'urar za ta yi tuntuɓe

Matsalar caji gaskiya ce, domin kusan kashi 20 cikin 100 na ƴan Nijar ne ke da wutar lantarki, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Amma faranti ɗaya na hasken rana zai magance wannan. Matsalolin da suka fi nauyi uku ne.

Na farko, wa zai karanta? Na'ura ba ta ba da magani, zane kawai take fitarwa, sai gwani ya fassara shi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ma'aikatan jijiya da ƙwaƙwalwa ba su wuce 0.1 ga kowane mutum 100,000 ba, alhali a ƙasashe masu arziki 7.1 ne. Daga Magarya zuwa Damagaram kusan kilomita 100 ne, daga Damagaram zuwa Yamai kusan 900. Shi ya sa iyalai da dama suke gwammace su tsallaka iyaka su nufi asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Na'urar da ta tara bayanin mako guda alhali ba likita a ɗaya bakin, kamar wasiƙa ce da ba a rubuta mata adireshi ba.

Na biyu, a jikin wa aka koyar da ita? Mutanen da Jami'ar Cardiff ta yi nazari a kansu manya ne ƴan Birtaniya, kusan dukkansu Turawa, masu tafiya da takalmi a kan daɓe. Yaronmu a rairayi yake tafiya, da silifa ko ba takalmi, da jarkar ruwa a ka ko ƙanensa a baya. Uwarsa tana daka, tana shiƙa, tana tankaɗe. Kakansa yana hawa kabu-kabu a hanya mai gargada. Sai an gwada an tabbatar na'urar na iya bambanta karkarwar cuta da girgizar taɓarya kafin a yarda da hukuncinta a nan.

Na uku, bayan an auna, sai me? Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum fiye da biliyan 2.5 ne ke bukatar wani abin taimako kamar sanda, tabarau, na'urar ji ko keken guragu, kuma kusan biliyan 1 ba sa samu. A wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 ne kawai ke samun abin da suke bukata. Yaron da ke rarrafe zuwa makaranta ya riga ya san ba ya iya tafiya. Takalmin gyaran ƙafa yake bukata, da mai gashin ƙashi, da keke. In kuɗi kaɗan ne, waɗannan su ne na farko.

Akwai misali kusa da mu da ya nuna yadda fasaha ke yin amfani in an gina ta a kan mutane. Tsarin AVADAR, wanda aka fara a Nijeriya a 2016 daga baya ya shigo Nijar, waya ce ake ba wasu mutanen gari, kamar ungozoma, wanzami ko mai unguwa. Kowane mako wayar na nuna musu ɗan bidiyon yaron da ƙafarsa ta saki, ta tambaye su ko sun ga irinsa. In sun ce sun gani, saƙo ya tafi, ma'aikacin lafiya ya zo. Idon mutumin gari ne ke gani, kuma akwai wanda aka ɗora wa alhakin amsawa. Wayar manzo ce kawai.

Mudun da ke hannunmu

Ga abin da nake ba ƴan'uwana malamai shawara. Ba ya bukatar komai sai igiya, alli, waya mai agogo da kaye guda irin wanda yara ke rubutu a ciki.

A farkon shekarar karatu, lokacin rajista, a tambayi iyaye tambaya ɗaya: ko yaron ya taɓa kwanciya asibiti saboda jijjiga, suma ko sanƙarau? Waɗanda aka ce e, da waɗanda malami ya ga suna ɗingishi, suna yawan faɗuwa ko hannunsu na rawa, su ne za a buɗe wa shafi. A yawancin azuzuwa ba za su wuce ƴan kaɗan ba.

Sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, a auna mita 10 a ƙasa mai tauri, a ce yaron ya yi tafiyarsa ta kullum, a rubuta sakan nawa ya ɗauka. A sa shi ya tashi daga benci, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, shi ma a rubuta. Waɗannan gwaje-gwaje biyu ba ni na ƙirƙiro su ba, da su masu gashin ƙashi ke aiki a asibitocin duniya. A ƙara da tsayuwa da ƙafa ɗaya, dama da hagu. A ba shi takarda ya rubuta sunansa, ya zana da'ira mai nannaɗewa kamar bayan dodon koɗi, a sa kwanan wata a ajiye. Takarda shida ta wata shida, in aka jera su, za su nuna abin da baki ba zai iya bayyanawa ba.

Iyaye su ma da nasu shafin. Sau nawa ya faɗi wannan makon? Wane takalmi ne ya fi cinyewa, na dama ko na hagu? Da safe abin ya fi tsanani ko da yamma? Yana tsayawa in ya yi barci? Wane magani ya sha, a ina aka saya? Uwar da ba ta yi boko ba za ta iya faɗa wa yayansa ya rubuta, ko ta rubuta da ajami, ko ta ɗaura ƙulli a zare duk ranar da ya faɗi. Wannan shafi zai yi wa kaka mai karkarwa amfani kamar yadda zai yi wa jika.

Amfanin wannan a gaban ma'aikacin lafiya yake bayyana. Tambayarsa ta farko ita ce: tun yaushe? Sai uwa ta ce tun bayan girbi, uba ya ce a'a, tun ƙaramar salla. Ta biyu: yana ƙaruwa ko yana raguwa? Sai a ce to, sai a hankali. Amsar waɗannan tambayoyi biyu ita ke raba tabon tsohuwar cuta, wanda motsa jiki zai taimaka, da sabuwar cuta mai ci gaba da ke bukatar a garzaya Damagaram. In aka miƙa masa kaye ya ga a Oktoba sakan 9, a Disamba 12, a Fabrairu 16, ba ya bukatar dogon bayani.

Akwai abin da ba a jira masa ƙarshen wata. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da hannunsa ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da CSI a ranar, domin ana bukatar ɗaukar bayan-gidansa sau biyu cikin kwana 14 don a gwada shan inna. Haka yaro mai sikila da bakinsa ya karkace ko maganarsa ta sarƙe, da wanda wuyansa ya murɗe bayan shan magani. Waɗannan asibiti za a nufa a take.

Wayar da ke aljihunmu ita ce na'urar da ta riga ta iso. Bidiyon sakan 30 na yaro yana tafiya, daga gefe da daga baya, zai iya kaiwa ga likitan da ke nesa. Amma a nan sai an yi hattara ƙwarai. Ba a ɗauka sai da izinin iyaye. Ba a ɗaukar fuska in ba dole ba. Ba a sa shi a zauren WhatsApp na malamai ko na gari. Ma'aikacin lafiya kaɗai za a nuna wa, sannan a goge. Mun san garuruwanmu: bidiyon yarinya tana tangaɗi, in ya fita, zai iya bin ta har ranar da aka zo neman aurenta.

Abin da za a ce mini

Wani abokin aiki zai ce: aji ya cika maƙil, wasunmu a rumfar kara suke koyarwa, ɗan kwantaragi na jiran albashi, sannan a ƙara mana aikin asibiti? Ƙorafin yana kan hanya. Amma abin da nake magana a kai minti 5 ne ga yaro ɗaya a wata, kuma ana iya yinsa a lokacin motsa jiki. Ƴan CM2 za su iya riƙe igiya da agogo, su koyi awo da lissafi a aikace. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata za su iya ɗaukar nauyin kaye da rakiya zuwa asibiti. Kuma a duba ɗaya ɓangaren: yaron da ake duka saboda munin rubutu, wanda daga ƙarshe ya daina zuwa, shi ma aikinmu ne ya lalace.

Wani zai ce malami ba likita ba ne. Haka ne, kuma kada ya zama. Babu malamin da ya kamata ya faɗa wa iyaye sunan cuta ko ya ba da magani. Shi ma agogon Turawan bai san sunan cuta ba, lissafi kawai yake riƙewa. Aikinmu ya tsaya a kan na gani, na auna, na rubuta, ku tafi asibiti.

Wani kuma zai ce: in an auna, aka je, ba a samu magani ba, ai an tayar wa iyaye da hankali a banza. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan ce kowane yaro zai warke ba. Amma da yawa daga cikin abubuwan da na lissafa suna da magani mai araha: fenisilin, maganin farfaɗiya, daina shan ƙwayar da ta jawo matsala, motsa gaɓoɓi kafin su ƙage. Ga masu karkatacciyar ƙafa akwai asibitin yara na CURE a Yamai tun 2010. Sannan ba a yi wa yaron da ba a ƙirga ba kasafi. Ranar da makarantun Bande, Waca, Dogo-Dogo da Malawa suka kai wa babban likitan gunduma jerin yara da alƙaluma, ya samu abin da zai nuna wa na sama da shi ya nemi mai gashin ƙashi. Hannu wofi ba ya neman komai.

In an zo mana da na'urar

Za a zo da ita, ko ba daɗe ko ba jima, domin farashin irin waɗannan kaya sauka yake yi, kuma masu bincike na neman wuraren gwaji. Ina fata mu karɓe su hannu biyu, amma da tambayoyi a bakinmu. Wane likita ne zai duba bayanin, kuma cikin kwana nawa zai amsa? In na'ura ta nuna matsala, wa zai biya mota da magani? An gwada ta a jikin mutane irinmu? Ina bayanan ɗana za su tafi, kuma wa ke da ikon gani? Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma wannan haƙƙi bai tsaya ga ƴan birni ba. In aikin ya ƙare bayan shekara 2, me zai rage a CSI? Wanda ya zo da niyyar alheri ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Ga hukumomin ilimi kuwa, roƙona ƙarami ne. A makarantun horon malamai muna koyon yadda yaro ke girma da yadda yake fahimta. A ƙara awa biyu ko uku, a gayyato ma'aikacin lafiya ya nuna wa ɗalibai malamai yadda ake gane tafiyar da ba ta dace ba, da alamomin da ba a jira. A haɗa kowane darakta da shugaban CSI mafi kusa, su san lambar juna. Wannan bai kai kuɗin agogo ɗaya ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Garin da ya saba lura da tafiyar ƴaƴansa, yana rubutawa, yana da hanyar kai rahoto, shi ne zai ci moriyar na'ura in ta zo, domin za ta shiga cikin aikin da ake yi ne ta ƙara masa daidaito. Garin da bai saba ba, za a raba agogo, a ɗauki hoto, bayan wata shida a same su a akwati batir ya mutu.

Gobe da safe, malam, kafin a shiga aji, ka tsaya a bakin ƙofa ka dubi ƙafafun yaran da ke shigowa. Ke ma uwa, ki dubi ɗanki lokacin da ya juya baya ya nufi makaranta. In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku rubuta ranar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a.